Keke, Damina da Jiƙaƙƙen Takalmi: Iska ke Busarwa, Ba Wuta Ba

A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, ɗalibin da ke hawa keke daga unguwarsu zuwa makaranta a Zariya ko Kano ko Maraɗi ya san abin da ke jiransa. Ko da ruwan ya tsagaita kafin ya fito, kwalta tana nan jiƙe, hanyoyin ƙasa kuwa sun zama taɓo. Kafin ya kai ƙofar makaranta safarsa ta yi sharkaf, takalminsa yana tsartuwa duk inda ya taka. Haka zai wuni a aji, haka zai koma gida da la'asar. Da yawa daga cikin ɗalibai, har ma da malamansu, takalmin fita ɗaya ne gare su, kuma gobe da sassafe shi za a sake sakawa.

Abin da mutum kan fara tunawa shi ne wuta. Sai a jingina takalmin a gefen murhu ko a kusa da kurfoti, a ce zuwa dare ya bushe. Da safe sai a iske fatar ta ƙandare ta motse, bakin tafin ya ɗage, amma can cikin wajen yatsu da sauran laima. An yi garin neman gira an rasa ido. Ilimin kimiyya yana da bayanin dalilin da ya sa hakan ke faruwa, yana kuma nuna hanyar da ta fi, wadda ba ta cin ko kwabo.

Yadda Keke ke Jiƙa Takalmi

Ba ruwan da ke saukowa daga sama ne ya fi jiƙa ƙafar mai keke ba, wanda ke tasowa daga ƙasa ne. Da'irar tayar babban keke ta kai kimanin mita 2.2. Idan ana tafiyar kilomita 15 a awa ɗaya, tayar tana juyawa kusan sau 2 a kowace daƙiƙa, wato a tafiyar kilomita 5 za ta juya fiye da sau 2,200. A kowane juyi, robar tana ɗaukar ruwa daga ƙasa, sa'an nan ta watsar da shi kamar yadda majajjawa ke sakin dutse. Wanda tayar gaba ta watso ta ɓangaren ƙasa yana nufar baya, daidai inda feda take, inda ƙafa ke hawa da sauka a cikin feshin. Bugu da ƙari, ruwan da ya sauka a wando yana gangarowa zuwa idon sawu, safa ta tsotse shi ta kai shi cikin takalmi.

Wannan ruwa kuwa ba tsabtatacce ba ne. Yana tafe da laka da yashi da dattin kwata, abin da ke da tasiri wajen bushewa, kamar yadda za a gani a gaba.

Mece ce Bushewa?

Ruwa haɗuwar ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, waɗanda ke riƙe da juna amma kullum suna cikin motsi. Daga cikin waɗanda ke sama-sama, masu saurin motsi sukan kuɓuce su shiga iska a matsayin tururi. Ba sai ruwa ya tafasa hakan ke faruwa ba. Shi ya sa shanya ke bushewa a kan igiya, tabki kuma ya ƙafe da rani.

Kuɓucewar tana bukatar zafi mai yawa. A yanayin ɗaki, wato digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, kowane giram na ruwa yana bukatar kimanin jul 2,440 kafin ya zama tururi. A ƙaddara cewa takalmi ƙafa biyu ya sha giram 200, kwatankwacin ƙaramin kofin shayi. Busar da shi zai ci kilojul 488, wato ɗan fiye da zafin da ake bukata a ɗauki ruwa lita ɗaya da rabi daga sanyin ɗaki a kai shi ga tafasa. Takalmin yana karɓar wannan zafi ne daga jikinsa da kuma iskar da ke kewaye da shi, shi ya sa jiƙaƙƙen takalmi ya fi ɗakin da yake ciki sanyi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Da wannan hikima ce kuma Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan lambu, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma duk mai randa ya san ruwanta ya fi sanyi da rani a kan damina. Amsar wannan tana cikin iska.

Iska Ma Tana Ƙoshi

Wani masani ɗan Ingila, John Dalton, ya bayyana a cikin wani aikinsa da aka buga a 1802 cewa saurin ƙafewar ruwa ya dogara ne da bambancin da ke tsakanin tururin da iska za ta iya ɗauka da wanda ta riga ta ɗauka, kuma yana ƙaruwa idan iska na kaɗawa. Ma'ana, iska tana da iyakar abin da za ta ɗauka. A kwatanta wani akwati na iska mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. A digiri 25, iyakar tururin da zai zauna a cikinsa giram 23 ne. Idan ya kai haka, an ce danshin iskar ya kai kashi 100 cikin 100, kuma babu abin da zai ƙara bushewa a cikinta.

Da hunturu, busasshiyar iska ce ke kaɗowa daga Sahara, danshinta yakan faɗi zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Wannan akwati na iska yana da sauran gurbin giram 18. Da damina kuwa iskar daga Tekun Atilantika take tasowa, kuma a ranar da aka wuni ana ruwa danshinta yakan haura kashi 85 cikin 100. Gurbin da ya rage bai wuce giram 3.5 ba, wato kashi ɗaya cikin biyar na abin da hunturu ke bayarwa.

Yanzu sai a yi lissafi. Giram 200 na ruwan takalmi, idan aka raba shi da 3.5, yana bukatar irin wannan akwati 57. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi, akwati 48 kawai yake ɗauka. Ashe ke nan idan aka rufe ƙofa da taga aka bar takalmin a ciki, iskar ɗakin baki ɗaya za ta ƙoshi bai gama bushewa ba.

Al'amarin ya fi tsanani a cikin takalmin kansa. Sau-ciki kamar kogo yake, mai ƙofa ɗaya. Iskar da ke cikinsa ba ta wuce lita ɗaya ba, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙoshi ta tsaya cik. A yanayin marka, sai an sauya wannan lita ɗaya kusan sau 29,000 kafin a kwashe giram 100 daga ƙafa guda. Wannan shi ne asirin abin: matsalar ba ta ƙarancin wuta ba ce, ta rashin sauyin iska ce. Shi ya sa fanka, wadda ba ta ƙara zafi ko kaɗan, takan busar da takalmi cikin dare ɗaya, alhali wanda aka tura ƙarƙashin gado zai kwana biyu yana wari.

Ɗumi yana da nasa amfanin, in dai kaɗan ne. Idan aka ɗumama waccan iska ta damina daga digiri 25 zuwa 35, iyakarta takan tashi zuwa kusan giram 40, gurbin da ya rage kuma ya koma giram 20, kusan ninki 6 ke nan. Digiri 35 kuwa bai kai zafin jikin mutum ba. Ɗumi kaɗan tare da iska mai motsi ya wadatar. Abin da ya wuce haka ɓarna yake kawowa.

Abin da Wuta ke Yi wa Fata

Fatar dabba saƙa ce ta siraran zaruruwa na wani sinadari mai suna kolajin. Ɗanyar fata ruɓewa take yi, shi ya sa ake jima. Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe suna amfani da 'ya'yan bagaruwa, waɗanda ke ɗauke da sinadarin tanin mai ɗaure zaruruwan su yi ƙarko. Da wannan jima ce fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai. Masana'antu kuwa sun fi amfani da gishirin kuromiyam, hanyar da ta bunƙasa bayan Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884.

Kowace irin fata tana da zafin da idan ta kai shi tana jiƙe, zaruruwanta za su nannaɗe su motse, ba kuma za su sake miƙewa ba. Ɗanyar fata takan motse a wajen digiri 60 zuwa 65, mai jimar itatuwa irin bagaruwa a wajen 70 zuwa 85, mai jimar kuromiyam kuma sai ta kusa 100 ko fiye. Duk wanda ya ga yadda ganda ke nannaɗewa a kan wuta ya ga wannan sauyi da idonsa. Gefen takalmin da ke fuskantar garwashi yana iya kai wannan zafi cikin mintoci, alhali ɗaya gefen yana nan da sanyinsa.

Ko bai kai ga motsewa ba, akwai wata illar. Lafiyayyar fata tana riƙe da ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin 100 na nauyinta, tare da man da aka shafa mata bayan jima, wanda ke sa zaruruwan su zame a kan juna. Jiƙewa tana wanke wani ɓangare na man. Idan kuma aka busar da gaggawa, bayan fatar yana ƙandarewa tun cikinta bai saki ruwansa ba, zaruruwan su manne da juna. Ranar da aka sa ƙafa, sai ta tsage a inda take lanƙwasa, wato bisa yatsu.

Takalman kambas da na wasanni ma ba su tsira ba. Yawancinsu da gam aka haɗa tafinsu, gam kuwa zafi yana sa shi ya yi laushi ya saki. Soson robar da ke cikin tafin yana motsewa ya karkace. Zafin rana tsaka ma yana iya kai baƙin takalmi fiye da digiri 60, don haka takalmin fata inuwa mai iska ta fi masa. Kambas yana jure hantsi, amma kada a manta da shi a waje har azahar.

Akwai haɗarin da ya fi asarar takalmi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum yana barci. Bai kamata a kwana da kurfoti a ɗaki don busar da wani abu ba, ko mene ne shi.

Hikimar Tsohuwar Jarida

Tun da mayar da ruwa tururi yana da tsada haka, dabara ita ce a fitar da mafi yawansa yana ruwansa. A nan ne takarda ke shigowa. Ruwa yana da ɗabi'ar hawa cikin siraran kafofi da kansa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani ya hau zuwa bakin fitila. Wani likita ɗan Ingila, James Jurin, ya nuna a 1718 cewa gwargwadon ƙanƙantar kafa, gwargwadon nisan da ruwa zai hau. A bututun gilashi mai faɗin milimita 1, ruwa yakan hau kimanin santimita 3. Idan aka rage faɗin sau 10, sai ya hau santimita 30.

Takardar jarida tarin zaruruwan itace ce, cike da irin waɗannan kafofi, ba a kuma shafe ta da abin da ke hana ta shan ruwa ba. Idan busasshiyar jarida ta taɓa jiƙaƙƙen yadi ko fata, sai ta janyo ruwan zuwa jikinta. Takarda mai sheƙi irin ta kalanda ba ta yin wannan aiki, domin an toshe kafofinta. Sai dai jarida ma tana ƙoshi. Wadda ta jiƙe aka bar ta ta kwana a ciki ta zama toshiya, tana hana iska shiga. Dole a riƙa sauya ta, kuma da zarar ta daina fitowa a jiƙe, aikinta ya ƙare, saura na iska.

Ƙananan ƙunshin da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani suna ɗauke da ƙwayoyin silika, masu iya shan danshi har kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsu. Ƙunshi mai giram 5 ke nan giram 2 kawai zai sha. Suna da amfani wajen ajiyar busasshen takalmi, amma ba za su iya da jiƙaƙƙe ba. Ɗanyar shinkafa kuwa, da wasu ke zubawa, shan danshinta a hankali yake, kuma ɓarnar abinci ce.

Laka da Gishiri

Laka tana da kafofi ƙanana ƙwarai, saboda haka tana riƙe ruwa da ƙarfi, tana kuma liƙe kafofin yadi da na fata. Zufar da ta taru a takalmi kuma tana barin gishiri. Gishiri yana fara janyo ruwa daga iska da zarar danshinta ya haura kashi 75 cikin 100, abin da kowace uwargida ke gani a kwanon gishirinta da damina. Takalmi mai datti, ko ya bushe da rana, yana iya sake yin laima da dare. Don haka ɗauraye kambas da ruwa mai tsabta kafin a shanya shi ba ɓata lokaci ba ne, ko da yake da farko kamar ƙara jiƙa shi aka yi.

Lafiyar Ƙafa

Ƙafafun mutum biyu suna da kafofin zufa kimanin 250,000, don haka ko ba ruwan sama cikin takalmi wuri ne mai ɗumi da danshi. Idan fata ta wuni a jiƙe, takan yi fari ta yi laushi, ta riƙa saɓulewa da ɗan gugar takalmi. Nan ne wata irin funfuna mai cin matacciyar fata ke samun gindin zama, ta haddasa ƙaiƙayi da tsagewa tsakanin yatsu, abin da ake kira cin ruwa. Warin takalmi kuwa aikin bakteriya ne, masu cin zufa da ɓarɓashin fata suna fitar da sinadarai masu ɗoyi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, dubban sojojin da suka kwana suka wuni cikin ramuka masu ruwa da sanyi a Faransa da Beljiyam sun kamu da ciwon ƙafa mai tsanani, wasu har aka yanke musu yatsu. Daga cikin abubuwan da suka rage cutar akwai sauya safa a kai a kai da duba ƙafafu kullum. Damina a ƙasar Hausa ba ta da irin wancan sanyi, amma darasin yana nan: busasshiyar safa rabin magani ce. Masu ciwon sukari su ne suka fi bukatar kulawa, domin ɗan ƙaramin rauni a ƙafarsu yana iya zama gyambo.

Matakan Busarwa

Da isowa gida, a cire takalmi da safa, a wanke ƙafa a share tsakanin yatsu. A goge lakar takalmin fata da ɗanyen tsumma, na kambas kuma a ɗauraye shi.

A zare igiya, a ɗaga harshen takalmin, a fitar da shimfiɗar ciki idan mai fita ce. Ita ce ta fi shan ruwa, kuma a waje tana samun iska ta fuska biyu.

A sa busasshen tsumma a ciki a danna da hannu, ba tare da murɗe takalmin ba. Sa'an nan a dunƙule jarida sako-sako a cusa har wajen yatsu. A lura kada a ɗauki takarda mai ayoyi ko sunan Allah, kuma idan cikin takalmin fari ne a fara naɗe jaridar da farar takarda saboda tawada. A sauya bayan awa ɗaya, a sake bayan awa biyu ko uku.

Kafin a kwanta, a cire takardar, a ɗora takalmin bisa wani abu mai kafofi ko a rataye shi, bakinsa yana fuskantar fanka. In babu lantarki, a nemi inda iska ke ratsawa, kamar zaure ko tsakanin taga da ƙofa, inda feshi ba ya kaiwa. Idan za a nemi ɗumi, ma'aunin shi ne hannu: duk wurin da hannu ba zai iya daɗewa a cikinsa ba, ya yi wa takalmi zafi.

Bayan takalmin fata ya bushe, a shafa masa man takalmi ko ɗan man kaɗe, domin mayar da man da ruwa ya wanke.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Murfin taya na gaba, idan aka ƙara masa leɓe da tsohuwar roba ya sauko kusa da ƙasa, yana tare mafi yawan feshin da ke nufar feda. Wanda ya hau keke da takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, ya ƙulle na makaranta da safa a leda, ya huta da duk wannan aiki. Silifa ba ta dace ba, domin tana zamewa a kan jiƙaƙƙiyar feda.

Gwaji Domin Aji

Malamin kimiyya zai iya tabbatar wa ɗalibansa da wannan bayani da kayan da ba su da wuyar samu. A yanka tsumma huɗu daidai da juna, a auna nauyin kowanne a bushe, a jiƙa su, a matse har nauyinsu ya zo ɗaya. Na farko a cusa shi a gwangwanin madara, wanda ke matsayin takalmi. Na biyu a shimfiɗa shi a kan tebur. Na uku a rataye shi a gaban fanka ko a bakin taga. Na huɗu a fara danna shi tsakanin takardun jarida, sa'an nan a rataye shi kusa da na uku. A riƙa auna su a sikeli kowane minti 30, ana rubutawa, daga baya a zana jadawalin nauyi da lokaci.

Idan aka adana sakamakon watan Agusta, aka maimaita gwajin a watan Janairu, ɗalibai za su ga bambancin marka da hunturu a rubuce da hannunsu. Tsumman da ke cikin gwangwani kuma, wanda zai kai tashi daga makaranta bai rage wani nauyin kirki ba, shi zai nuna musu dalilin da ya sa ake zare igiya a buɗe bakin takalmi kafin a kwanta.